Launin da Zai Tarbe Ka: Yadda Ake Yi wa Bangon Gida Fenti Mai Haske, Ya Kuma Daɗe

Kowa yana da wani wuri a kan hanyarsa inda yake fara hango gida. Wani sai ya sha kwana, wani daga gindin wata bishiya, wani kuma sai ya wuce doguwar katangar maƙwabci sannan bangonsa ya bayyana. Ka lura da kanka gobe idan ka iso wurin. Tafiyarka takan canza, gajiyar da ka ɗauko tun safe ta fara sauka tun ba ka taɓa ƙyaure ba. Ido kan riga ƙafa shiga gida. Shi ya sa ba na ɗaukar launin bangon waje a matsayin ƙaramin abu: mai gidan ne zai gan shi sau dubbai, yawanci a gajiye, yawanci rana ta yi sanyi.

A tsibirin Burano da ke kusa da birnin Benis a Italiya, gidaje na jere bango da bango, wannan ja, na kusa da shi rawaya, na gaba shuɗi. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne masunta ne suka so kowa ya gane gidansa daga nesa idan yana dawowa cikin hazo. A Tirana, babban birnin Albaniya, Edi Rama, wanda asalinsa mai zane ne, ya zama magajin gari a 2000, ya sa aka shafe tsofaffin benaye masu ruwan toka da ruwan goro da kore da shuɗi, mutane suka wayi gari unguwarsu ta sake fuska. Abin da aka yi wa gari guda, kai ma kana iya yi wa bango huɗu. Sai dai launi mai haske ba ya rufa wa kowa asiri. Idan aikin ya yi kyau kowa zai gani, idan ya ɓaci ma haka.

Mataki na farko: ka fara daga kan hanya

Kada ka fara da littafin launuka. Ka fita, ka je daidai wurin nan da kake fara hango gidan, a daidai lokacin da ka saba dawowa, ka tsaya. Me idonka ya fara kamawa? Rufin ne, ko get, ko wani dogon bango da ba taga? Wane launi ne a jikin abubuwan da ba za ka canza ba, wato kwanon rufi, dutsen gindin gini, ƙasar wurin, bishiyoyi da gidajen maƙwabta? Ka ɗauki hoto da waya da safe, da tsakar rana, da kuma dab da faɗuwar rana.

Lokacin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu, masu aiki da rana waɗanda ke rarrabe launi, da masu karɓar aiki idan haske ya ragu. Waɗannan na biyun sun fi jin shuɗi da kore, ba sa jin ja sosai. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, shi ya bayyana wannan a ƙarni na 19. Ma'anarsa gare ka ita ce bangon da yake jawur da azahar zai dushe ya koma kusan baƙi da almuru, alhali shuɗi mai haske ko tsanwa na nan suna riƙe da ɗan haskensu. Wanda ke dawowa gida bayan magariba kullum, in ya zaɓi ja mai duhu, zai yi ta biyan kuɗin launin da ba ya gani. Rawaya, ruwan ƙwai da ruwan hoda mai haske su ma suna jure yamma, saboda farin da ke cikinsu.

Kafin ka wuce nan, ka tabbatar kana da ikon yin aikin. Ɗan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce. Wasu unguwanni, musamman tsofaffin da ake adanawa don tarihi, suna da dokar launi. A Burano ɗin nan ma sai mutum ya nemi izinin hukuma ta faɗa masa launukan da aka yarda wa gidansa.

Mataki na biyu: zaɓen launi

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne. Launin da ka gani a ɗan guntun takarda cikin inuwa, idan ya hau bango mai faɗi rana ta haske shi, zai fito ya fi haske, ya kuma fi ƙarfi. Rawayar da ta yi maka daɗin gani a takarda tana iya zama abin da ke kashe ido a bango. Don haka idan ka sami launin da ranka ya kwanta da shi, ka duba na kusa da shi wanda ya ɗan fi shi laushi, mai ɗan sirkin toka ko ƙasa a ciki. A bango shi zai ba ka abin da ka gani a takardar.

Launi uku sun isa gida. Na farko shi ne na jikin bango, shi ke cin mafi yawan wuri. Na biyu na gefen tagogi, ginshiƙai da bakin rufi. Na uku na ƙofa, ɗan kaɗan ne amma shi ne mai magana. Masu wannan sana'a sukan raba su kashi 60, 30 da 10 cikin ɗari, ba don lissafin ya zama dole ba, sai don kada launuka biyu masu ƙarfi su tsaya suna kokawa. In ka duba hotunan Burano, ko na unguwar Bo-Kaap a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, za ka ga abin da ke hana jerin gidajen zama hayaniya shi ne farin da aka zagaye tagogi da ƙofofi da shi. Fari yana ba ido wurin hutawa. A nawa ra'ayin, duk bangon da ya yi ƙarfin launi to gefen tagoginsa fari ko ruwan madara ya fi dacewa da su, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar hakan ba.

Akwai kuma batun zafi. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba kusa da kowane launi, LRV, daga 0 zuwa 100, mai nuna yawan hasken da launin ke mayarwa. Baƙi yana can ƙasa, fari yana can sama. Launin da lambarsa ta yi ƙasa yana shan rana, bangon ya ɗumame, da dare ya sako zafin cikin ɗaki. Yawan zafi da sanyin nan kuma shi ke buɗe ƙananan tsagogi. In kana zaune inda rana ke da ƙarfi, ka bar launuka masu duhu ga ƙofa da ƙananan wurare, babban bango kuwa ya sami launi mai lamba daga 50 zuwa sama.

Sai abin da ba kasafai mai sayarwa ke faɗa ba: launuka ba su da kwana ɗaya. Waɗanda aka haɗa da garin ma'adinai, irin sinadarin tsatsar ƙarfe mai ba da jan ƙasa, rawayar ƙasa da ruwan ƙasa, rana ba ta cin su da sauri. Jan nan da aka san gidajen katako na Suwidin da shi, daga tarkacen ma'adinin tagulla na garin Falun ake samun garinsa, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan ana shafa shi. Su kuwa ja mai walƙiya, ruwan hoda mai ƙarfi, shunayya da wasu nau'in rawaya, yawanci da sinadaran da rana ke karyawa ake haɗa su, shi ya sa suke saurin koɗewa, musamman a bangon da rana ke duka tun daga azahar har faɗuwarta. Shuɗi da kore na fenti mai kyau sukan jure. Wannan ba ya nufin ka haƙura da launin da kake so. Ka tambayi mai haɗa fentin ko launin nan an yi shi don waje, ka kuma sa shi a bangon da ya fi samun inuwa.

Mataki na uku: gwaji

Ka sayi ƙaramin gwangwani na launuka biyu ko uku da suka rage maka. Ka shafa kowanne a wuri mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke shan rana da kuma wanda ke inuwa. Kada ka jera su manne da juna, don kowanne yana canza yadda ake ganin ɗan'uwansa. Ka bar su kwana uku, kana kallonsu daga can kan hanya duk lokacin da ka dawo, mutanen gidan ma su faɗi nasu, tunda su ma nan suke dawowa. Gani ya kori ji. Sau da yawa wanda ka ɗauka zai yi nasara shi ke fara gundurar ka.

Mataki na huɗu: gyaran bango

Wannan shi ne aikin gaske, shi ke cin mafi yawan kwanaki, kuma shi ne ake son tsallakewa. Na taɓa barin a shafa mini shuɗi a kan sabon filastan da bai wuce mako guda ba, saboda ina ɗokin ganin gidan ya kammala. Kafin shekara ta zagayo bangon ya yi dabbare-dabbare, fari nan, shuɗi can, sai da aka kankare aka sake. Na yi asarar kuɗi, amma abin da ya fi damuna shi ne watannin da na yi ina shan kwana ina tarar da bangon nan a haka.

Dalilin abin da ya faru shi ne sabon siminti yana da kaifin sinadari irin na toka mai ƙarfi, wanda ke ƙona launi, ya kuma narkar da fentin mai ya zama kamar sabulu. Ana ba sabon filasta aƙalla kwana 28 ya bushe ya huce, sannan a fara da fentin shimfiɗa, wato wanda ake shafawa a ƙarƙashin fentin launi, irin wanda aka rubuta cewa yana jure kaifin siminti.

A tsohon bango kuwa, ruwa za ka fara bi. Ka duba indararo da bututun da ke sauko da ruwan rufi, da bakin rufin, da ƙarƙashin tagogi, da gindin bango inda ruwan sama ke fantsama. Duk inda fenti ya kumbura ko yake ɓarewa, akwai danshi a bayansa, kuma sabon fenti ba zai hana shi fitowa ba. In kana shakka, ka yanki leda mai faɗin rabin mita, ka manne gefenta huɗu da salatif a jikin bangon, ka bar ta ta kwana ta wuni. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bangon bai shirya ba. Ka nemo inda ruwan ke shiga ka toshe tukuna.

Daga nan sai tsagogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Siraran tsagogi irin na gashi, ka ɗan buɗe bakinsu da abin kankara, ka share ƙurar, ka cike da fotin da aka yi don waje. Amma tsagar da ta kai faɗin da za ka zura tsabar kuɗi, ko wadda ke tafiya a karkace daga kusurwar taga, ko wadda ke ƙara buɗewa wata bayan wata, ba aikin mai fenti ba ce. Injiniyan gini za ka kira.

Ka shafa tafin hannunka a tsohon fentin. In ya fito da gari kamar alli, fentin ya mutu, kuma duk abin da ka ɗora a kai zai saɓule tare da garin. Ka wanke da burushi mai tauri da ruwa, ya bushe, ka sa fentin shimfiɗa mai kama gari. Farin gishirin da ke tsatsowa daga siminti kuwa a bushe ake goge shi, domin ruwa yana mayar da shi ciki ne ya sake fitowa. Baƙin fumfuna da gansakuka, ka haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi uku, ka shafa, ka ba shi kamar minti 15, ka ɗauraye sosai. Ka sa safar hannu da tabarau, ka rufe shuke-shuken da ke gindin bangon, kuma kada ka kuskura ka haɗa bilic da wani maganin wanki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Gargaɗi ɗaya da ba na so ka wuce. Tsohon fentin mai, musamman na ƙofofi, tagogi da ƙarafa, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan haka ba su hana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana ta fi shan wahalarta. Kada ka goge irin wannan fenti da samfefa a bushe, kada ka ƙona shi da wuta. Ka jiƙa wurin, ka shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashin, ka sa takunkumi mai tace ƙura, yara da masu juna biyu su yi nisa har a gama a share.

Mataki na biyar: wane fenti, kuma nawa

Ga bangon siminti, fentin ruwa na akirilik wanda aka rubuta na waje ne ya fi dacewa: yana ɗan miƙewa tare da bangon, yana barin tururin danshi ya fita, yana kuma riƙe launi. Fentin cikin ɗaki ba ya jure rana da ruwan sama ko da launinsu ɗaya. Marar sheƙi yana ɓoye ƙwarzanen bango, mai ɗan sheƙi ya fi sauƙin wankewa; mai sheƙi sosai a bar wa ƙofa da ƙarafa. Ginin ƙasa ko tsohon ginin da aka yi da farar ƙasa kuwa yana buƙatar numfashi, fentin da ke rufe shi kamar leda zai tara masa danshi ya ruɓar da shi daga ciki. Irin wannan gini, farar ƙasa ake shafa masa, a rina ta da garin launi na ma'adinai, a riƙa sabuntawa a kai a kai.

Araha ba ta ado. Fenti mai arha ruwa da alli sun fi yawa a cikinsa, zai ci shafi uku ko huɗu kafin ya rufe, ya kuma riga mai kyau koɗewa, alhali kuɗin mai aiki da na tsani duk ɗaya ne.

Lissafin ba wuya. A ce gidan yana da tsawon mita 12, faɗin mita 10, tsayin bango mita 3. Kewayensa mita 44 ke nan, sau 3 ya ba ka murabba'in mita 132. Cire ƙofofi da tagogi, a ce 20, saura 112. Shafi biyu za a yi, ya zama 224. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 10 a bango mai santsi, don haka kana buƙatar lita 22 da 'yan kai. Ƙara kashi ɗaya cikin goma don gyare-gyare, ka sayi 25. Bango mai kaushi yana iya shan kusan ninkin haka. Ja da rawaya masu ƙarfi ba sa rufe abin da ke ƙarƙashinsu da kyau, saboda haka ka sa a rina maka fentin shimfiɗar ya kusanci launin, ja kuwa ruwan toka ya fi karɓa a ƙarƙashinsa. Ka sayi duka a lokaci ɗaya, kuma kafin a fara ka juye bokitan cikin babban mazubi guda ka gauraya. Bokiti biyu masu suna ɗaya sukan ɗan bambanta, kuma a launi mai haske bambancin yana fitowa ɓaro-ɓaro a tsakiyar bango.

Mataki na shida: ranar shafi

Ka zaɓi kwanakin da ba a sa ran ruwa, ba kuma iska mai ƙura. Yawancin fentin ruwa suna son yanayin da bai yi ƙasa da digiri 10 ba, bai kuma wuce 35 ba, amma abin da aka rubuta a jikin bokitinka shi ne hujja. Ka bi inuwa: bangon da rana ta bari shi ake shafawa, domin a bango mai zafi fenti yana bushewa kafin ya kama, ya bar sawun rola. In ka ɗora tafin hannu ka ji bangon na ƙuna, ka jira.

Daga sama ake farawa a sauko. A zagaye gefuna da kusurwoyi da burushi, a bi da rola tun gefen bai bushe ba, kuma in an fara bango a kai shi kusurwa kafin a huta, don inda aka tsaya a tsakiya zai bar layi. Kada a tsinka fenti da ruwa fiye da yadda kamfanin ya ce. Wannan ita ce hanyar da aka fi cutar masu gida, don haka ka kasance a wurin lokacin da ake buɗe bokiti. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, a bar awa 2 zuwa 4 a tsakaninsu ko yadda aka rubuta. Tsani kuwa, duk tsayin mita 4 a ja gindinsa mita 1 daga bango, wani ya riƙe, a kuma yi nesa da wayoyin lantarki. Gidan bene dandamali ake kafa masa.

In shafin farko ya fito da ƙarfi har gabanka ya faɗi, kada ka yanke hukunci. Ido ya saba da tsohon launin shekara da shekaru, ka ba shi mako guda.

Mataki na bakwai: ƙofa, fitila, da abin da ya biyo baya

Ƙofa ita ce ta ƙarshe, kuma a nan nake ba kowa shawarar ya saki jiki. Wurin ƙarami ne, gwangwani ɗaya ya ishe shi, in bai yi ba ana sakewa cikin wuni guda. In ta ƙarfe ce a kankare tsatsa a sa fentin hana tsatsa tukuna. In ta katako ce a shafa har samanta da ƙasanta, don ta nan ruwa ke shiga. Bango mai rawaya yana karɓar ƙofa shuɗiya ko koriya, bango shuɗi yana karɓar ja ko ruwan goro, bango fari kuwa yana karɓar kusan komai.

Sabon fenti yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙarfi, kada a wanke shi sai bayan wata guda. Daga nan wanki sau ɗaya a shekara da ruwa da burushi mai laushi ya isa, tare da leƙa indararo kafin lokacin ruwa. Aiki mai kyau yakan kai shekara 5 zuwa 10, bangon da ya fi shan rana shi zai fara neman a sake shi. Ragowar fentin ka rufe shi ruf, ka ajiye a inuwa, ka rubuta sunan launin da lambarsa a takarda ka adana tare da takardun gidan.

Ranar da aka sauke tsani, ka jira rana ta kusa faɗuwa, ka koma wurin nan da ka tsaya a farko, ka taho a ƙafa kamar yadda ka saba dawowa. In ka ga bangon ya yi maka yadda kake so amma ƙofar ta nutse cikin duhu, kada ka taɓa fentin, ƙwan fitila za ka canza. Mai haske ɗumi-ɗumi, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, yana raya ja da rawaya da ruwan goro. Fari sol mai 5000K zuwa sama ya fi dacewa da shuɗi da kore. Ka ɗaura shi a gefen ƙofar, ɗan sama da kai, yadda haskensa zai zuba a jikinta har a hango ta daga kwana.